Tauraron ɗan'adam na ganin hayaƙi, amma daga sama

Ya mai girma Edita,

Na karanta rahotonku kan yadda ake bin sawun hayaƙin gobarar daji da ƙura ta hotunan tauraron ɗan'adam. Aikin abin yabo ne. Na'urar ɗaukar hoto mai suna MODIS da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba a kan tauraron Terra a 1999 tana nuna ƙurar da ke tashi daga kwarin Bodele a Chadi, kuma a watan Yunin 2023 taurari sun bi hayaƙin gobarar Kanada har ya turnuƙe birnin New York, sama ta koma ruwan goro.

Sai dai tauraro daga sama yake leƙowa. Yana auna hayaƙin da ke tsakaninsa da ƙasa gaba ɗaya, ko da ya tsaya can sama bai sauko inda mutane ke numfashi ba. Idan gajimare ya rufe kuwa, shi ke nan.

Don haka ina kira ga hukumomin yanayi su kafa na'urorin auna iska a ƙasa, su haɗa sakamakonsu da hotunan, sannan a sanar ta rediyo da saƙon waya tun kafin ƙurar ta iso, domin masu asma da tsofaffi su shirya.

Naku,
Wani mai karatu