Baƙi ba su ɓata Kano ba, takardar indijin ce matsalar

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in amsa wa ɗan'uwan da ya rubuto muku kwanakin baya yana kukan cewa baƙi sun cika Kano, sun tsadar da haya, sun ƙwace kasuwa irin yadda 'yan Chaina suka yi a Kantin Kwari, sun kawo matsalar tsaro, har ya rufe da cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Ni tela ne a Fagge, na haura shekara 60. A cikin kukansa akwai abin da na yarda da shi, zan zo kansa. Amma gundarin maganar ban karɓa ba.

Da zai zo shagona ya wuni, da ya ga hannun mutum nawa ke taɓa riga ɗaya kafin ta hau jikin ango. Shaddar daga Kantin Kwari nake saro ta, kasuwar da ta tashi a kan kantunan Kwarori 'yan Labanan da Siriya. Aikin wuyan da samari ke rububi a kansa gab da salla, a hannun telolin Mali da Sanagal muka gan shi muka kwaikwaya, duk telan Fagge mai gaskiya zai faɗa maka haka. In keke ya ƙi, wurin wani Ibo nake samun kayan gyaransa a Sabon Gari, kuma yakan ba ni bashi ba tare da rubutu ba. Mai kawo mana ruwa daga wajen Damagaram yake, mai shayin bakin layi daga Tawa, mai gadin dare Buzu ne. Wanda ya koya mini yankan kwat da wando Bayarabe ne ɗan Ogbomosho, Allah ya jiƙansa, bai taɓa karɓar sisina ba sai shara da aike. In aka ce duk waɗannan su tattara su tafi, ni ne zan fara rufe shago, ɗan gari.

Kuma wai yaushe Kano ta taɓa zama babu baƙi? Musuluncin da muke tinƙaho da shi, Wangarawa ne daga Mali suka zo da shi fada a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14. A zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya kafa Kasuwar Kurmi, Shehu Magili ya zo daga Tilimsan, ga Sharifai nan har yau. Mutum ya zaga cikin ganuwa da ƙafa ya karanta sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa, Ayagi ta Yarabawa, Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna. Gurasar da muke kai wa surukai da alkakin gara daga gidajen Larabawan nan suka fito. Alhassan Ɗantata, da aka haifa a Bebeji a 1877, Ba'agale ne, kuma Agalawa daga arewa suka gangaro, wajen ƙasar Azbin. Shi kansa sai da ya yi zaman baƙunta a Gwanja da Kumasi yana fataucin goro kafin ya dawo ya kama gyaɗa. Yau tattaɓa kunnensa Aliko Ɗangote ne ake kira mai kuɗin Afirka, ban kuma taɓa jin wanda ya ce ba Bakano ba ne.

Abin da nake so a lura da shi shi ne, waɗancan mutane ba su dawwama a baƙunta ba. Baƙo ya sauka gidan fatoma, fatoma ya kai shi gaban mai unguwa ya tsaya masa. Ya yi shekaru ana cin kasuwa da shi, a ba shi fili, a ba shi mata, jikansa ya tashi bai san wani gari ba sai nan. Da haka birnin ya yi ƙiba.

Turawa ne suka zo da wani tsari dabam. Sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, sai ga akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga kudu. Maimakon a bar su su shiga cikin jama'a, sai aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa, aka raba musu shari'a da makaranta da kasuwa. Mutum ya haifi ɗa, ɗan ya haifi jika, duk suna nan a matsayin waɗanda suka zo jiya. Ni a ganina wannan rabuwar tana cikin abin da ya sa duk lokacin da wuta ta tashi, a 1953, da 1966, da 1991, da 2004, kowa ya san layin da zai nufa da makami. A rikicin Oktoban 1991 ina Fagge, tsakaninmu da Sabon Gari titi ne kawai, na ga abin da ba na fatan jikokina su gani. Bayan ƙura ta lafa shagunan kayan gyara suka daɗe a rufe, kekuna suka yi ta tsatsa, direbobi suka ajiye motoci. Wannan ƙaramar asara ce in aka gwada da rayukan da suka salwanta, amma ita ce ta nuna wa masu cewa a kore su irin zaman da za mu yi in sun tafi.

Ina magana ne a matsayin wanda aka taɓa kora. A zangon Kumasi aka haife ni, a can aka haifi mahaifina, kakana ne ya je fataucin goro ya zauna. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Gana. Baba bai taɓa tunanin yana bukatar takarda a garin da aka binne cibiyarsa ba. Ya sayar da gida a kuɗin da bai kai na ɗaki biyu ba, muka hau bayan babbar mota ta Togo da Dahome. Maƙwabciyarmu Ba'asantiya ta biyo mu tasha tana kuka da ƙullin gari a hannu. Har yau in ka je Akara ko Kumasi, kokon safe da ƙosai da tsire daga hannun mutanen zango ake saye, ga shi kuwa an ce mu ne muka hana 'yan ƙasa arziki. Mu ma da muka samu dama sai muka rama. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi, Ganawa wajen miliyan 1 suka fita da kayansu a buhunan leda. Malaman makaranta da masu gyaran takalma da teloli suka watse, kuma ban ga aikin da ya ƙaru ga 'ya'yanmu ba. Shekara ba ta cika ba soja suka kifar da gwamnatin.

Yanzu ga inda na yarda da mai wasiƙar. Haya ta yi tsada, gaskiya ne. Sai dai ya duba su wa ke sayen gidajen gado a Fagge suna rushewa suna gina filaza da sito. Ba ɗan garuwa ba ne. Maganar 'yan Chaina a Kwari ma tana da ƙamshin gaskiya: wanda ya mallaki masaƙa a ƙasarsa, ya shigo da kwantena, sannan ya zauna yana sayar da ɗaiɗai kafaɗa da kafaɗa da ƙaramin ɗan kasuwa, ya kamata hukuma ta ja masa layi. Amma kafin su zo, masaƙun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun riga sun durƙushe saboda rashin wuta da fasa-ƙwauri, kuma alhazanmu ne suka riƙa ɗaukar samfurin atamfa da shadda suna kai musu can a buga mai araha. Batun tsaro kuwa, a koma ga abin da muka gada: duk wanda ya sauki baƙo ya kai shi wurin mai unguwa, ya tsaya masa. Wannan ya fi a yi wa kabila guda kuɗin goro.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai wani yarona ne na shago. Bayarabe ne, a Kano aka haife shi, a Kano aka haifi uwarsa, Hausarsa ta fi tawa daɗi don ni har yau akwai ɗan Gana a harshena. Ya ci jarrabawa, aka ce ya kawo takardar indijin, wato shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. A wata sakatariyar ƙaramar hukuma aka duba sunan kakansa aka ce ya tafi jiharsu. Ya ci bashin kuɗin mota ya je, can kuma aka ce ba a san gidansu ba, har ana yi masa dariyar Yarabancinsa. Ni da aka haifa a wata ƙasa na samu tawa da sa hannun mai unguwa cikin sauƙi, saboda sunana ya yi kama da na gari. Shi da bai taɓa kwana wata ɗaya a wajen Kano ba, ba shi da ita. Yanzu yana neman hanyar fita waje, kuma in ya tafi Kano ce ta yi asarar mai hannu, ita da ta raine shi. Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda kabila ko asali, amma tsarin rabon gurabe tsakanin jihohi ya sa takardar nan ta fi shi ƙarfi a aikace.

Kada kuma mu manta namu ma suna zaune a garuruwan wasu. Akwai Hausawan Sabo a Ibadan da suka yi fiye da shekara 100 a can, su ma haka ake ce musu su koma jiharsu. Mun ji zafin rikicin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021, da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris na 2025. A shekarun 1950 kuwa Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato, shi ne magajin garin Inugu na farko, kuma da ƙuri'a ya hau. Da wane baki za mu nema wa namu haƙƙi a can in muna hana na wasu a nan?

Roƙona ga 'yan majalisar dokokin jiharmu shi ne su yi doka: wanda aka haifa a nan, ya yi firamare a nan, iyayensa na biyan haraji a nan, mai unguwa ya shaide shi, a ba shi takardar. Daga nan gwamna ya ɗauki dokar ya kai wa takwarorinsa na Oyo da Edo da Legas ya ce su yi wa namu irinta. Kai kuma Edita, don Allah ka turo wakilinka Sabon Gari da Fagge da Birget ya tambayi matasan da aka haifa a nan su nawa ne ke riƙe da takardar, ku buga amsarsu.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
wani tela daga Fagge, Kano