Binta ba guntun suna ba ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman ɗan fili in amsa wa marubucin da ya yi bayanin sunayen mata a shafinku na al'adu. Ya ce Binta guntun suna ne, wai "bintu" a Larabci 'ya kawai take nufi, ba a kuma faɗi 'yar wa ba, saboda haka iyaye su daina sa shi. Larabcinsa daidai ne. Inda ya kauce hanya shi ne zaton da ya yi cewa Binta shi ne sunan yanka.

A nan Daura, ranar suna, abin da liman yake raɗawa, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar wa jama'a, shi ne Fatsima. Binta daga cikin gida take fitowa, daga bakin mata. Alkunya ce. 'Yar da ake nufi kuwa ba ɓoyayya ba ce: Fatsimatu bintu Rasulillahi, 'yar Manzon Allah (SAW) da Nana Hadiza, matar Sayyidina Aliyu, mahaifiyar Hasan da Husaini, wadda ta rasu kamar wata shida bayan mahaifinta, a shekara ta 11 bayan hijira. 'Ya'yansa mata huɗu ne, da Zainabu da Ruƙayya da Ummu Kulsum da ita, amma ta tsatsonta ne zuriyarsa ta ɗore har yau. Shi ya sa in an ce "'Yar" aka yi shiru, Musulmi ya san wadda ake nufi. Shi kansa sunan Fatsima daga kalmar yaye ya samo asali, wato mace mai yaye ɗa.

To me ya hana a kira ta da sunanta kai tsaye? Kunya. Bahaushiya ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, ba ta kuma kiran sunan surukarta. A ce miji ya mayar da sunan mahaifiyarsa ga jaririya, kamar yadda aka saba. Yarinya ta fara wayo, uwar tana son ta aike ta ɗauko ludayi, ga tsohuwa zaune a tsakar gida tana tsintar wake. Wace mace ce za ta buɗe baki ta ce "Ke Fatsima, ba ki ji ne?" Ai sai unguwa ta ɗauka. Daga nan aka samu Binta, da Zara daga Zahra'u, da Batula, duk laƙuban Nana Fatsima ne. Haka A'isha ta zama Indo, Zainabu ta zama Abu. Kuma ba mu kaɗai ba ne: Fulanin ƙasar Gini har haɗa su suke yi su ce Fatumata Binta, a Mali kuma Bintu ta cika gari.

Gaskiya ne yanzu akwai masu yanka rago da Binta kai tsaye, ban kuma ga aibun hakan ba, tunda mai sunan dai ɗaya ce.

Da marubucin zai nemi abin da zai gargaɗi iyaye a kai, ga shi nan: takardu. Uba ya karɓo takardar haihuwa da Fatima. Ranar shiga firamare yayarta ta kai ta, malami ya tambayi suna, ta ce Binta, ya rubuta. Wajen yin katin ɗan ƙasa kuma a haɗa biyun. Ba wanda zai lura sai yarinya ta zo rajistar JAMB, wato jarrabawar shiga jami'a, wadda tun 2021 ba a yin ta sai da NIN, lambar katin ɗan ƙasa. Sai ka ga uba yana zarya tsakanin kotu da shagon kwamfuta da takardar rantsuwa a hannu, yana rantsuwa cewa Fatima da Binta mutum ɗaya ce, lokacin rajista kuma yana ƙurewa.

Roƙona ga iyaye su sa sunan yanka a kowace takarda, da rubutu iri ɗaya, su bar alkunya a gida. Malaman firamare kuma su riƙa neman takardar haihuwa kafin su rubuta sunan yaro a rajista.

Na gode da ba ni fili.

Naka mai karatu,
Wani malamin makaranta,
Daura, Jihar Katsina.