Amsa ga Malamina kan jam'iyyar ACT ta Niyu Zilan

Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

A taron tsofaffin ɗalibai kun miƙe kun tambaye ni wace irin jam'iyya ce wannan ACT ta Niyu Zilan da nake yawan ambata a rubutuna, kuma yaya Musulmi zai ga ƙimar jam'iyyar da shugabanta ya ƙi goyon bayan dokar hana bindigogi bayan an kashe masallata a Christchurch. A gaban jama'a kuka tambaya, don haka a gabansu zan amsa.

Tushenta Roger Douglas ne, ministan kuɗi a gwamnatin jam'iyyar Labour daga 1984 zuwa 1988. Shi ya janye tallafin manoma, ya bar kasuwa ta yanke darajar dalar ƙasar, ya sayar da kamfanonin gwamnati, ya sauko da haraji mafi tsada daga kashi 66 cikin ɗari zuwa 33. Da suka ɓata da jam'iyyarsa, sai shi da Derek Quigley suka kafa ƙungiyar masu saye da masu biyan haraji, wato ACT a taƙaicen sunanta na Turanci, a 1993, ta koma jam'iyya a 1994. Aƙidarta ba ta da wuyar faɗa: gwamnati ta rage sa hannu, ta rage haraji, ta sakar wa kasuwa mara, kowa ya zaɓar wa kansa rayuwarsa muddin bai cuci wani ba.

A zaɓen 1996 ta samu kujera 8. Daga baya ta yi ta ƙanƙancewa, har daga 2011 zuwa 2020 kujera ɗaya tak gare ta. A 2017 rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'u ta samu. Abin da ya hana ta mutuwa, Malam, tsarin zaɓensu ne. Kowa na jefa ƙuri'a biyu, ɗaya ga ɗan takarar mazaɓarsa, ɗaya ga jam'iyya, kuma jam'iyyar da ba ta kai kashi 5 ba tana iya shiga majalisa in ta ci mazaɓa guda. ACT ta riƙe Epsom, unguwar masu hali a birnin Auckland, tun 2005, kuma babbar jam'iyyar National ta sha nuna wa magoya bayanta cewa su zaɓi ɗan ACT a can don ta samu abokin kafa gwamnati. Ba na ɓoye wannan: a waɗancan shekarun da bazar National take rawa.

To, ga batun da ya dame ku, kuma ni ma ya dame ni. Ranar Juma'a 15 ga Maris 2019 aka kai hari masallatai biyu a birnin Christchurch, mutum 51 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Kafin wata ya cika majalisa ta haramta yawancin bindigogi masu sarrafa kansu da ƙuri'a 119, David Seymour, shugaban ACT, shi kaɗai ya ce a'a. Hujjarsa ita ce an yi gaggawa, ba a saurari jama'a ba. Na yarda doka da aka yi cikin ɗimuwa takan zo da kurakurai. Amma a ganina ya yi kuskure, domin bindigar da aka kashe mutane da ita a sahun salla ba abin da za a jira dogon nazari ba ne kafin a raba jama'a da ita. Kuma masu bindiga sun saka masa: a 2020 ACT ta tashi daga kujera ɗaya zuwa 10, cikinsu har da Nicole McKee, wadda ta yi suna wajen kare masu lasisin bindiga. A 2023 ta samu 11, ta shiga gwamnati, a ƙarshen Mayun 2025 Seymour ya zama mataimakin firaminista.

Akwai kuma dokarsa ta 2019 da ta ba mai ciwon ajali damar neman likita ya ƙarasa masa rai, wadda kashi 65 suka amince da ita a ƙuri'ar raba gardama. Addinina bai yarda da ita ba, ni ma ban yarda ba. Haka ƙudurinsa na sake fassara yarjejeniyar Waitangi ta 1840 tsakanin Birtaniya da sarakunan Maori, 'yan asalin ƙasar. Ya ce yana son doka ta ɗauki kowa daidai ne, amma mutanen da aka ƙwace wa ƙasa ba za su ji maganar daidaito da kunnen wanda ya gaji ƙasar ba. Dubun dubatarsu suka yi tattaki zuwa majalisa, a Afrilun 2025 ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a 112 da 11.

Abin da ya sa nake ambatarta shi ne tun kafin zaɓe mai jefa ƙuri'a ya san abin da zai samu. Ta ce za ta kawo makarantu masu cin gashin kansu da kuɗin gwamnati, ta kawo su a 2014, Labour ta soke su, da ACT ta dawo gwamnati ta maido su. Wannan ne na yaba, Malam. Da ni ɗan can ne, ƙuri'ata ba za ta je gare su ba, kuma ƙuri'ar nan ta 119 da ɗaya ce dalilina na farko.

Naku,
Ɗalibinku