Rahoton Shekara na Kwamitin Wasiyya da Kyautar Gado ga Ƙungiyar Tsoffin Ɗalibai

'Yan'uwa mambobi, iyayenmu Fada-fada da Sistoci, muna gaishe ku. Babban taron bara ya ɗora wa wannan kwamiti aikin shirya hanyar da mai niyya zai bar wa makarantarmu wani abu daga dukiyarsa bayan ransa. Makarantar ba ta samun tallafin gwamnati, kuɗin makaranta da gudummawar Ikilisiyar Katolika ke riƙe da ita, kuma tun cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 iyaye da dama sun kasa biya a kan lokaci.

Mun yi zama da lauyoyi daga cikin mambobi, mun gana da ofishin kuɗi na dayosis (yankin Ikilisiya da ke ƙarƙashin Bishop), mun kuma zagaya rassa. Abin da ya fi fitowa fili shi ne masu niyya suna da yawa, amma ƙalilan ne suka rubuta niyyar yadda kotu za ta karɓa. Wanda ya faɗa wa Fada da baki cewa gidansa na makaranta ne, ya rasu bai rubuta ba, doka za ta raba gidan ga magada, makaranta ba ta da bakin magana.

Saboda haka muka fi ba da ƙarfi ga rubutun wasiyya. Dole ta kasance a rubuce, mai ita ya sa hannu a ƙarshenta a gaban shaidu 2 da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Idan shaida ko matarsa ko mijinta na cikin waɗanda aka yi wa kyauta, kyautar ta faɗi. Shugaban makaranta da 'yan kwamiti ma kada su zama shaidu, don kada magada su ce an matsa wa mamaci. Matasa su lura: auren da aka yi wa rajista bisa dokar aure yana soke wasiyyar da aka rubuta kafinsa. Idan an gama, a kai ta ajiya sashen gado na Babbar Kotun Jiha, a kuma sanar da wanda zai zartar da ita. Sunan da mutum ya cike a fom ɗin banki ko na fansho a matsayin makusancinsa ba wasiyya ba ne, wanda za a tuntuɓa ne kawai.

Sunan mai karɓa shi ne inda aka fi yin kuskure. Sunan da ke jikin allon ƙofar makaranta ba lallai ne ya zama wanda doka ta sani ba. Mai ikon riƙe dukiya su ne amintattun dayosis da ke da rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, don haka cikakken sunansu za a rubuta, sannan a ce kyautar don amfanin makarantar ce. Muna kuma roƙon a ƙara jimla guda da ke faɗin inda kyautar za ta koma idan an rufe makarantar ko ta fita daga hannun Ikilisiya. Dattawanmu sun ga irin haka a 1972, lokacin da gwamnati ta karɓe makarantun mishan a Kaduna, St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Kwalejin Sarauniya Amina.

A ɓangaren Ikilisiya akwai kariya. Kundin dokokinta na 1983, a doka ta 1267, ya ce baikon da aka bayar don wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wata, doka ta 1301 kuma ta ɗora wa Bishop sa ido har a cika wasiyyar. Amma wannan kariyar takan zama ƙulli idan mai bayarwa ya ƙuntata sharaɗi. Wanda ya ce kuɗinsa na gyaran wani ɗakin kwana ne kaɗai, aka rushe ɗakin, kuɗin sun maƙale. Gara a ce tallafin karatun yara marasa galihu, ko gyaran gine-gine.

Game da adadi, ra'ayinmu a fili yake: a rubuta kaso, kada a rubuta naira kaza. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024, kuɗin da zai ɗauki nauyin ɗalibi yau ba zai saya masa littattafai ba nan da shekara 15. A ce kashi 5 ko 10 cikin 100 na abin da ya rage bayan biyan bashi da rabon iyali. Ba ma karɓar kyautar da za ta bar gwauruwa ko marayu cikin wahala.

Fili da gida sai an yi hattara. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, sauya sunan mai fili yana bi ta KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, kuma yana cin kuɗi da lokaci. Gandun gida da ba a raba ba, ba na mutum ɗaya ba ne balle ya bayar. Kafin mu karɓi fili muna neman takardar mallaka, shaidar biyan harajin ƙasa, da tabbacin ba a jingine shi ba. Zai fi sauƙi a ba mai zartarwa izinin sayarwa ya miƙa kuɗin.

'Yan'uwanmu Musulmi da suka yi karatu tare da mu, wasiyyarsu ba ta wuce sulusin dukiya sai da yardar magada. Mun bar su su nemi shawarar malamansu, wasu kuma sun zaɓi bayarwa tun suna raye.

An buɗe asusu na daban don kuɗin waɗannan kyaututtuka, wanda sai mutum 2 cikin 3 sun sa hannu kuɗi ke fita. Uwar kuɗi ba a taɓa ta, za a zuba ta a takardun lamunin gwamnatin tarayya, a kashe wani ɓangare na ribar, a mayar da saura. Muna neman babban taro ya amince da wannan ƙa'ida a rubuce, ya kuma naɗa mai binciken kuɗi daga waje. Mai tsohuwar wasiyya ya zo da kwafinta ranar taron, lauyoyin ƙungiya za su duba ta kyauta kuma cikin sirri.