Rahoton Ayyukan Kwamitin Karɓar Baƙi na Zumuntar Mata, Jimeta, Shekarar 2024

Baba Fasto, Mama Fasto, dattawan ikilisiya, iyayenmu mata da 'yan'uwa cikin Kristi, muna gaishe ku da sunan Ubangiji.

Bana shekara goma ke nan da aka kafa wannan kwamiti, kuma ba da shiri aka kafa shi ba. Waɗanda suke nan a 2014 ba su manta ba: Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram a watan Agusta, Michika a Satumba, sai Mubi da hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya (EYN) da ke Kwarhi a ƙarshen Oktoba. Mutane suka yi ta kwarara Yola, wasu a ƙafa, wasu a bayan tirela. Harabar Katidiral ta St. Theresa ta cika maƙil, namu bencinan majami'a ma suka zama gadaje. Aikinmu a lokacin bai wuce tukunya da tabarma ba. Yau yaran da aka zo da su a goye suna shirin shiga sakandare, amma har bara muna kiran iyayensu "'yan gudun hijira" a sanarwar Lahadi. Wannan ne babban abin da muka gyara a bana, shi ya sa zan daɗe a kansa.

A rabon abinci na kafin Ista, mun jera mata a farfajiya kamar yadda muka saba, ana kiran suna, ana miƙa masara da man gyaɗa, wani matashi yana ɗaukar hoto. Wata dattijuwa 'yar Gwoza ta karɓi nata, ta ja gyale ta rufe fuska, ta fita ta ƙaramar ƙofa. Lahadi uku ba mu gan ta a sujada ba. Da muka bi ta gida, ta shimfiɗa mana tabarma, ta dama kunun tsamiya, sannan ta ce a garinsu ita ce mai ba maƙwabta iri idan damina ta faɗi, yanzu jikokinta suna ganin hotonta a waya tana miƙa hannu. Mun dawo jikinmu a sanyaye. Daga ranar aka daina layi, aka daina hoto. Taimako yana zuwa gida da yamma, a hannun mata biyu da suka san gidan.

A maimakon layin muka fara cin abinci tare bayan sujada a Lahadin ƙarshen wata. Sharaɗinsa ɗaya: kowa da ranar girkinsa, tsohon ɗan gari da wanda ya zo jiya. Dattijuwar nan ce ta tuƙa tuwon dawa a karo na biyu, kuma ta yi wa 'yan matanmu faɗa sosai kan yadda suke kaɗa miyar kuka. A wajen cin abincin ne muka gano cewa akwai malamar firamare, da ungozoma, da tela a cikin waɗanda muka shekara muna auna wa hatsi. Malamar yanzu ita ke riƙe da ajin ƙanana a makarantar Lahadi. Waƙoƙi da Kamwe da Marghi da Glavda sun shiga sujadar Hausa, ko da yake mawaƙanmu har yanzu suna karya harshe.

Sababbin baƙi ba su yanke ba. An samu waɗanda suka dawo daga sansanin Minawao na Kamaru suka tarar ƙauyukansu na bayan dutse ba su zaunu ba, suka wuce nan. Bayan harin bama-bamai na Gwoza ranar 29 ga Yuni mun kai gaisuwar ta'aziyya gidajen da abin ya shafa. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba, ruwa ya ci Maiduguri, wasu iyalai suka sauka wurin danginsu da su kansu ɗaki ɗaya suke haya. Baikon musamman na watan ya tafi kan tabarmi, gidan sauro da barguna. Cikin waɗanda muka kai wa akwai Musulmi, kuma ba mu tambayi kowa addininsa ba kafin a sauke kaya. Liman na unguwar ne ma ya nuna mana wasu gidajen.

Adashen mata yana tafiya, an sayi injin markaɗe, masu ƙosai sun dawo da rancensu a kan lokaci. Rakiyar iyaye neman takardar haihuwa da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) ta ci mana ƙafa, wani ofishin sai an je sau uku, amma yaran da muka bi wa sun shiga makaranta.

Inda muka gaza kuwa shi ne gida da gona. Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin haya da na mudu suka yi tashin gwauron zabi. Wani mai gida ya fitar da kayan wata gwauruwa waje ana tsakiyar damina, mu kuma ba mu ji ba sai bayan kwana biyu, domin mai kula da layinsu ta yi tafiya ba ta bar kowa a madadinta ba. Laifin kwamiti ne. Gonar aro da muka yi alkawari ma ba ta samu ba, mun makara wajen nema har shuka ta wuce. Mutanen nan manoma ne, kuma abin da suka fi roƙo ke nan.

Ma'aji za ta karanta lissafin shiga da fita bayan wannan rahoto, an kuma liƙa shi a allon sanarwa. Muna roƙon dattawa su amince a ƙara mata biyu daga cikin iyalan da suka zo a 2014 cikin kwamiti, da cikakken ikon zaɓe. Duk mai fili a wajen Girei ko hanyar Numan da zai iya ba da aro na damina ɗaya, ya ga Mama Fasto kafin ƙarshen Fabrairu, don a samu a yi sharar gona da wuri.

Sakatariya, a madadin Kwamiti