Godiya ga masu abincin filin jirgin Lawanti

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne in gode wa matan da ke riƙe da ɗan ɗakin abinci a filin jirgin saman Gombe da ke Lawanti, musamman baiwar Allahn da ta tsaya a kan mahaifiyata. Ruɗewa ta sa ko sunanta ban tambaya ba.

Abuja za mu je ganin likita. Tun asuba hazo ya rufe gari, irin na watan Janairu, aka ce jirgi ba zai sauka ba sai sama ta washe. Inna tana da ciwon suga. Ta sha magani da safe, ta kurɓi kunu kaɗan, da zaton kafin azahar mun isa. Azahar ta same mu a zaune. Sai na ga hannunta yana rawa, gumi yana tsattsafo mata duk da sanyin da ake yi. Wanda ya san Lawanti ya san can bakin hanyar Bauchi yake, komawa gari tafiya ce, kuma kana iya fita a kira jirgi ba ka nan.

Gaskiya ban shiga ɗakin da kyakkyawan zato ba. Da sauri na ce a ba ni shayi ba suga. Matar ta leƙo ta dubi Inna, ta ce, "Malam, wannan sugan Hajiya ne ya sauka. Bari a fara ba ta mai zaƙi." Ashe ta yi jinyar mahaifinta da wannan ciwo. Da hannunta ta kai kofin, ta durƙusa tana cewa, "Sannu Hajiya, ku sha a hankali." Bayan Inna ta dawo hayyacinta, ta zubo mata faten wake da alayyafo mai zafi, ta ce a bar shinkafar tukuna. Na zo biya, sabis ya ƙi, kuɗi ba su tafi ba. Ta ce in je in zauna da tsohuwa, in sabis ya dawo na tura. Kuɗin ma bai wuce na cikin gari ba.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai, na sha wuya a manyan filayen da ake ji da su. Gorar ruwa a ninka maka kuɗinta, shinkafar jiya a ɗumama a miƙo maka, ka tambayi me aka sa a miya a yi maka kallon ka zo da fitina. Sun san ka wuce bincike, ba inda za ka, sai su yanka maka yadda suka ga dama. Ga tsofaffi da masu larura suna bin jiragen nan kullum, ba mai tunawa da cikinsu.

Sai bayan la'asar muka tashi. Inna ta ce in gaishe ki, 'yar'uwa, tana ta sa miki albarka. Allah ya ƙara kasuwa, ya jiƙan mahaifa.