Filastar Kinesio Ba Ta Ƙara wa Hannu Ƙarfi, Zafi Take Ragewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka mai albarka don mu yi gyara kan filastar nan mai launi-launi da ake gani a jikin 'yan wasa, wadda yanzu teloli da makanikai da masu ɗaga ƙarfe ke manna wa wuyan hannu da nufin ƙara ƙarfin damƙa.

Wani mai gyaran gaɓoɓi ɗan Japan, Kenzo Kase, shi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, ta kuma yi suna a duniya bayan gasar Olamfik ta Beijin a 2008. Auduga ce da zaren roba a ciki, faɗinta yawanci santimita 5, tana miƙewa ta tsawo kawai. Magani ko ɗigo babu a jikinta.

Shin tana ƙara ƙarfi? Ga mai lafiyayyen hannu, kusan a'a. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike 19 ya gano cewa ƙarin ƙarfin da take bai wa masu lafiya bai taka kara ya karya ba. Inda take da amfani shi ne hannun da zafi ya daƙile. Tsokokin da ke damƙa suna tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, kuma yatsu ba sa matsewa sosai sai tsokokin bayan hannu sun riƙe wuyan hannu ya ɗan ɗago. Idan tushen waɗannan tsokoki na bayan hannu, a gefen gwiwar hannu na waje, yana ciwo, mutum zai saki kofin shayi tun kafin ƙarfinsa ya ƙare. Filasta kan rage zafin ga wasu na ɗan lokaci, sai ƙarfin da dama yake nan ya fito.

Ana iya gwadawa da na'urar auna damƙa: a zauna, gwiwar hannu a lanƙwashe digiri 90 tana jikin haƙarƙari, a matsa sau uku a ɗauki matsakaici, kafin mannawa da bayanta.

Wajen mannawa aka fi yin kuskure. A wanke fata da sabulu ta bushe sarai, don basilin ko man kaɗanya, musamman a hunturu, ba sa barin ta kama. A rage gashi da almakashi. A auna daga gwiwar hannu zuwa bayan tafin hannu, a yanka, a zagaye kusurwoyi huɗun don kada hannun riga ya ɓare su. A manna santimita 4 na farko ba tare da ja ba. Sai a miƙe gwiwar hannu, a lanƙwasa wuyan hannu ƙasa, a shimfiɗa tsakiyar da ja kaɗan, kamar kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na iyakar miƙewarta, ƙarshen ma a ajiye shi ba ja. A goga da tafin hannu ta ɗumama, domin zafi ne ke tayar da gam ɗin, kuma a bari kamar sa'a guda kafin ruwa ko gumi su taɓa ta. Takan kai kwana 3 zuwa 5, amma mai alwala sau biyar a rana zai ga bakinta ya fara ɗagowa da wuri. Batun hana ruwan alwala isa fata kuwa, a tambayi malamai.

Wanda ya ja bakin filastar da ƙarfi, nan fata za ta yi bororo. Wanda ya naɗe ta zagaye da wuyan hannu kamar ɗaurin guga, yatsunsa za su kumbura su yi sanyi. Idan ƙaiƙayi ko ƙuraje suka taso a cire nan take, a shafa mai, a ɓare a hankali ana bin kwanciyar gashi. Kada a sa ta kan rauni ko fatar tsofaffi mai laushi.

Abin da ya fi damun mu shi ne masu rufe babbar matsala da ita. Wanda ya faɗi ya dafa ƙasa, zafi ya tsaya a ɗan ramin da ke gindin babban yatsa, ya je a ɗauki hoton ƙashi, don ƙaramin ƙashin da ke wurin yakan tsage, kuma jini ba ya isar masa sosai, yana iya ƙin haɗewa. Haka mai jin babban yatsa da biyun da ke biye da shi suna mutuwa cikin dare, jijiya ce ta matse, a duba shi kafin tsokar gindin yatsan ta fara zubewa.

Ƙarfi kuwa motsa jiki ke kawo shi. A ɗora hannu kan tebur, tafi yana kallon ƙasa, wuyan hannu ya zarce bakin teburin, a riƙe gorar ruwa mai rabin lita. A ɗaga da taimakon ɗaya hannun, a sauke a hankali ana ƙirga huɗu, sau 10 zuwa 15, zagaye uku a rana. A ƙara nauyi kaɗan-kaɗan tsawon mako 6 zuwa 12, kuma idan zafi ya kwana har washegari, a koma nauyin baya.

Wassalam,
Wasu likitocin fisiyo (masu jinyar gaɓoɓi da tsoka ta hanyar motsa jiki), daga Kano